BABI NA HUƊU: Kakar Wasa ta 2021/2022 da Faɗuwar Ƙungiyar Kano Pillars

4.0 Gabatarwa

Babin da ya gabata ya tsaya ne a kan shekarun ɗaukakar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars. Wannan babi kuwa zai dubi kakar wasa guda ɗaya tak, wato ta 2021/2022, wadda a ƙarshenta ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasar ƙwararru ta Nijeriya zuwa rukuni na biyu. Bayanin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne, rashin ɗa'ar magoya baya da na shugabanni ne ya sa aka ci ƙungiyar tara, aka zabtare mata maki, har ta faɗi. Wannan bayani gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa al'amarin yana da saiwa a cikin sha'anin kuɗi, wato wane ne ya mallaki ƙungiyar, daga ina kuɗinta yake fitowa, kuma wane ne yake jin zafi idan an ci ta tara. Domin a fito da wannan batu fili, za a kwatanta abin da ya sami Kano Pillars da abin da ya sami wata ƙungiya a Ingila a cikin wannan kaka ɗin.

4.1 Dokar da Aka Haifi Ƙungiyar a Ƙarƙashinta

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990, zamanin mulkin Kanar Idris Garba a Jihar Kano. A wannan shekara ce gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da gasar ƙwararru a Nijeriya, aka buga wasan farko a filin Onikan da ke Legas ranar 12 ga Mayu. Dokokin soja masu lamba 10 da 11 da suka kafa gasar sun zo da sharuɗɗa waɗanda, in aka dube su da kyau, kusan dukkansu na kuɗi ne. An buƙaci kowace ƙungiya ta zama kamfani mai rajista, da hukumar daraktoci, ta riƙa kiran taron shekara-shekara, ta gabatar da lissafin kuɗinta wanda masu binciken kuɗi na waje suka tantance, ta reni ƙaramar ƙungiyar matasa, sannan ta mallaki filin wasa nata na kanta cikin shekara biyar.

Manufar ita ce a raba ƙwallo da aljihun gwamnati, ta zama sana'a mai ɗaukar nauyin kanta. To amma lokacin da aka zaɓa bai dace da manufar ba. Tun daga 1986 da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta yi ta zubewa, kamfanoni da attajirai suka fara janye hannu daga wasanni. Manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta sun watse a ƙarshen shekarun 1980. A Kano ma, Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978 ta riga ta zama tarihi. Saboda haka, da aka tashi samar wa Kano ƙungiyar da za ta shiga sabuwar gasar, sai aka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North.

Yana da kyau a lura da asalin waɗannan iyaye. WRECA hukuma ce ta Jihar Kano mai kula da ayyukan ruwa da gina madatsai. Bank of the North kuwa banki ne mallakar gwamnatocin jihohin Arewa, mai hedikwata a Kano. Ke nan biyu daga cikin ukun da nonon gwamnati suka girma. Jaririyar da aka samu daga gare su ba ta san wani nono ba sai shi. Wa'adin shekara biyar ya zo ya wuce, haka shekara talatin, ƙungiyar tana nan a matsayin mallakar gwamnatin jiha: gwamna ke naɗa mata shugabanni, shi ke sauke su, albashin 'yan wasa da kuɗin tafiye-tafiye daga baitulmalin jiha suke fitowa, filin da take wasa a ciki kuma na gwamnati ne. Ba Kano Pillars kaɗai ke cikin wannan hali ba. A kakar da ake magana a kanta, mafi yawan ƙungiyoyi 20 da ke gasar na gwamnatocin jihohi ne. Masu zaman kansu irin su Remo Stars ta Ikenne da MFM ta Legas ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

4.2 Sharuɗɗan Kamfanin Gudanar da Gasa

Kamfanin Gudanar da Gasa, wanda aka fi sani da LMC, ya karɓi ragamar gasar a wajajen 2013, da farko a ƙarƙashin Nduka Irabor, daga baya kuma Shehu Dikko. Kamfanin ya sake ɗaga waccan tsohuwar magana ta 1990. Ya ƙayyade Naira dubu 150 a matsayin mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a wata, ya nemi ƙungiyoyi su kawo takardar lamuni daga banki kafin a yi musu rajista, ya kuma yi tanadin cire maki ga ƙungiyar da ta riƙe haƙƙin 'yan wasanta fiye da wa'adin da aka yanka. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ma tana da irin waɗannan sharuɗɗa ga duk ƙungiyar da ke son lasisin shiga gasanninta.

A takarda dai babu abin da ya rage. A aikace kuwa gargaɗi ya fi hukunci yawa. A shekarar 2015, lokacin da farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, jihohi da dama suka kasa biyan ma'aikata albashi, 'yan wasa suka shiga layin masu bin bashi tare da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. 'Yan wasan FC Taraba har sai da suka kai kukansu ƙofar gidan gwamnati a Jalingo. A Fatakwal, ƙungiyoyin Dolphins da Sharks, waɗanda su ma suka sha fama da matsalar albashi, gwamnatin Jihar Ribas ta narkar da su ta fitar da Rivers United a 2016. Dalilin da ya sa hukunci yake wahala a nan ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya karya dokar shi ne gwamna, kuma idan gwamnoni suka yi fushi suka janye, gasar kanta ta tashi. Wanda ake ci a hannunsa da wuya a murɗe masa hannu.

4.3 Masu Gida Ba Gida

Kirarin da aka san Kano Pillars da shi shi ne "Sai Masu Gida", kuma ba kirarin banza ba ne. Daga 2003 zuwa Agustan 2015, wato shekara 12, ƙungiyar ta buga wasannin gasa fiye da 200 a gida ba tare da an doke ta ba, har sai da Nasarawa United ta zo Kano ta yi mata ci 2 da 1. A cikin wannan tsakani ne ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ta 2009, bayan ta yi waje da Al Ahly ta Masar. Ƙarfin ƙungiyar, a taƙaice, yana cikin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da dubban mutanen da ke cika shi tun kafin la'asar. Kaɗan ne daga filayen Nijeriya ke samun 'yan kallo irin na Kano. Wannan taro shi ne kuma babbar kafar da ƙungiyar take da ita ta samun kuɗin da za ta kira nata, wato kuɗin ƙofa.

A shekarar 2020 annobar korona ta shigo. Gwamnatin jiha ta mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar, aka kakkafa tantuna. Babu wanda zai zargi gwamnati da ta nemi ceton rai. Abin da ya shafi wannan bincike shi ne, mai fili ya karɓi filinsa ya yi abin da ya ga ya dace da shi, ƙungiya kuwa ba ta da bakin magana, domin 'yar haya ce wadda ko haya ba ta biya. Da annobar ta lafa, filin bai cika sharuɗɗan gasa ba, yana bukatar gyara. Dole ƙungiyar ta kwashi kayanta ta koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200.

Hasarar da wannan ƙaura ta jawo iri biyu ce. Ta farko ta aljihu: kowane wasan gida ya zama tafiya, da kuɗin mota da masauki da abinci, ga kuɗin ƙofa ya ƙafe. Ta biyu ta maki ce. A gasar Nijeriya, kamar yadda duk mai bibiyarta ya sani, cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai, kowace ƙungiya da makin gida take rayuwa. Ƙungiyar da ba ta da gida kuwa ta rasa wannan garkuwa. Dawowar da kyaftin ɗin Super Eagles, Ahmed Musa, ya yi wa tsohuwar ƙungiyar tasa a Afrilun 2021 ta ɗan ɗaga hankalin duniya zuwa gare ta, amma zaman na 'yan watanni ne, kuma mutanen Kano ba su sami ganinsa a Ƙofar Mata ba kafin ya wuce Turkiyya.

A haka aka shiga kakar 2021/2022 a watan Disamban 2021. Ƙungiyoyi 20, wasanni 38, huɗun ƙarshe su faɗi. Kano Pillars ba ta taɓa samun natsuwa a teburin ba. Magoya baya suka ɗora duk begensu a kan abu guda: ranar da za a koma gida.

4.4 Wasan Katsina United

Ranar ta zo a tsakiyar Afrilun 2022, cikin watan azumi. Abokiyar karawar ita ce Katsina United, maƙwabciya, wadda ita ma take neman tsira da kanta a ƙasan tebur. Jama'a suka yi cincirindo, bayan kimanin shekara biyu rabonsu da ganin ƙungiyarsu a gida. Wasa ya yi nisa babu ci. Ana saura kimanin minti goma a tashi, sai wasu 'yan kallo suka ɓalle suka afka cikin fili, wasa ya tsaya. Aka farfasa motar da ta kawo 'yan Katsina. Hotunan motar, gilasanta a tarwatse, suka bazu a wayoyin jama'a kafin a sha ruwa a wasu gidajen.

LMC ba ta ɓata lokaci ba. Ta ci Kano Pillars tarar Naira miliyan 9, ta cire mata maki uku, ta jingine wasu ukun da sharaɗin za a cire su idan aka sake aikata laifi makamancin wannan, sannan ta mayar da wasannin ƙungiyar na gida zuwa filin MKO Abiola da ke Abuja, fiye da kilomita 400 daga Kano. Wato gidan da aka yi shekara biyu ana jira, ko wasa ɗaya ba a kammala a cikinsa ba aka sake rufe shi.

Ba wannan ne karo na farko ba. A Yunin 2019, a gasar ƙungiyoyi shida da aka yi a filin Agege na Legas domin fitar da zakara, magoya bayan Pillars sun shiga fili bayan wasansu da Rangers ta Inugu. A wancan karo an ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali wasanni 12. Bayan 'yan makonni ƙungiyar ta ci kofin ƙalubale a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, murna ta rufe maganar tara. Babu wata alama da ke nuna cewa miliyan takwas ɗin ta sauya wani abu a yadda ake tsaron fili ko yadda ake tafiyar da magoya baya.

A nan ya kamata a tsaya a yi tambaya: me ya sa 'yan kallo suke iya shiga fili cikin sauƙi haka? Tsaron filin wasa aiki ne na kuɗi da tsari. Yana bukatar shinge mai ƙwari, da 'yan sintiri da aka horar kuma ake biya, da tikitin da aka ƙidaya daidai da kujeru, da sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Ƙungiyar da cinikin ƙofa ne abincinta za ta kashe kuɗi a kan waɗannan, domin rufe fili yana nufin yunwa gare ta. Ƙungiyar da ke jiran kason gwamnati kuwa, ko an buɗe fili ko an rufe, kason yana nan zuwa.

4.5 Wasan Dakkada da Abin da Ya Biyo Baya

Maki ukun da aka jingine sun zama kamar takobi rataye a kan ƙungiyar. Kowa ya san haka, musamman shugabanninta. Duk da haka, wanda ya tsinke igiyar ba ɗan kallo ba ne. A ƙarshen Yunin 2022, a wani wasa da Dakkada ta Uyo, wadda ita ma take fafutukar kauce wa faɗuwa, Pillars tana gaba da ci ɗaya har zuwa dab da tashi, sai baƙin suka farke. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Surajo Shu'aibu Yahaya, wanda aka fi sani da Jambul, ya je bakin layi ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu. An ɗauki abin a bidiyo, don haka babu wurin musu.

LMC ta kore shi daga duk harkokin gasar, ta ƙara wa ƙungiyar tara, ta kuma cire maki ukun da ke jingine. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sauke shi daga muƙaminsa, ta miƙa riƙon ƙungiyar ga Alhaji Ibrahim Galadima, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya daga 2002 zuwa 2006. Mutum ne da ya san harkar ciki da waje, amma an kira shi ne bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Wasannin da suka rage ba su da yawa. Ƙungiyar ta ɗaukaka ƙara a kan cire makin, ba ta yi nasara ba. A watan Yuli aka rufe kaka, Rivers United ta ɗauki kofi, Kano Pillars ta faɗi tare da Heartland ta Owerri da MFM da kuma Katsina United ɗin da aka fasa wa mota. Dakkada ta tsira. Wani abin ban takaici ga masu dogon tunani shi ne, Heartland ita ce ta fitar da Pillars a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Afirka a 2009. Ƙungiyoyi biyu da suka taɓa kasancewa cikin huɗun farko a nahiyar, ga su sun riƙe hannun juna zuwa rukunin 'yan dagaji. Rabon Pillars da wannan rukuni tun hawowar da ta yi a 2001.

4.6 Tara da Maki: Wanne Ne Hukunci?

A cikin watan da aka fasa motar Katsina United, wata tsohuwar ƙungiya a Ingila mai suna Derby County, wadda ta taɓa cin gasar ƙasar sau biyu a shekarun 1970, ita ma ta faɗi daga rukuni na biyu zuwa na uku. Cire maki ne ya kayar da ita, kamar Pillars, amma laifin ya bambanta. Mai ƙungiyar, Mel Morris, ya yi shekaru yana kashe kuɗi fiye da abin da ke shigowa, da fatan za a hau gasar Firimiya a mayar da gurbi. Ba a hau ba. A Satumbar 2021 ƙungiyar ta kasa biyan basussukanta, aka miƙa ta ga masu riƙon ƙwarya, dokar gasa ta cire mata maki 12 nan take. A Nuwamba aka ƙara cire 9 saboda saɓa ƙa'idar lissafin kuɗi, jimilla 21. 'Yan wasan, a ƙarƙashin Wayne Rooney, sun tara maki 55 a fili, wanda ya isa ya tsirar da su, amma 34 aka rubuta musu. Daga baya irin wannan doka ta hau kan Everton a gasar Firimiya, inda ƙa'ida ta hana ƙungiya yin hasarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. An cire mata maki 10 a Nuwambar 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka sake cire 2 a Afrilun 2024, amma ita ta tsira.

Abin da ya sa aka kawo waɗannan misalai shi ne, a can ana iya kama ƙungiya da laifin kuɗi domin tana da littafin lissafi nata na kanta, wanda doka ta tilasta mata ta buɗe kowace shekara. Ana sanin abin da ta samu, ana sanin abin da ta kashe, a ɗebe wannan daga wancan. A hukunce-hukunce biyun da suka kayar da Kano Pillars babu tuhumar kuɗi ko ɗaya. Wannan ba shaida ba ce ta cewa ƙungiyar tana ɗaukar nauyin kanta. Ma'aunin ne ba ya hawa kanta. Idan da za a auna ƙungiyoyin gwamnati na Nijeriya da ma'aunin Ingila, wato abin da ƙungiya ta samu da guminta a kan abin da ta kashe, da wuya a sami wadda za ta haye. Kalmar hasara ba ta da ma'ana ga ƙungiyar da kuɗinta layi ne guda a cikin kasafin ma'aikata.

Daga nan sai a dubi tarar Naira miliyan 9. Idan aka raba ta da mafi ƙarancin albashin da LMC ta ƙayyade, za ta biya 'yan wasa 30 albashin wata biyu. Ga ƙungiya mai zaman kanta wannan kuɗi ne da za a ji a jiki. Ga Kano Pillars kuwa, tambayar ita ce daga aljihun wa zai fito. Bai fito daga aljihun waɗanda suka jefi mota ba, domin ba su aka ci tara ba. Bai fito daga aljihun shugabanni ba. Ƙungiya aka ci, ƙungiya kuwa ta jiha ce, dukiyar jiha kuma ta mutanen ƙananan hukumomi 44 ce baki ɗaya. A ɗauki garin Wudil a matsayin misali, mai tazarar kimanin kilomita 40 daga birni a kan hanyar Maiduguri. Mai sayar da shanu a karar Wudil ranar Juma'a, da masuncin da ke jefa taru a ƙarƙashin gada, da mai tukwane a bakin titi, duk suna da haƙƙi a cikin baitulmalin da ake ɗiba a biya wannan tara, ko da ƙafarsu ba ta taɓa taka Ƙofar Mata ba. Da yawa daga samarin irin waɗannan garuruwa ma sun fi sanin 'yan wasan Arsenal da Real Madrid, waɗanda suke gani a gidajen kallo, a kan 'yan wasan ƙungiyar da ake biya da dukiyarsu. Tarar da aka watsa a kan miliyoyin mutanen da ba su san an ci su ba, ba za ta gyara halin kowa ba. Kuɗi ne ya tashi daga wannan asusu ya koma wancan.

Maki kuwa daban ne. Gwamna yana iya sa hannu a fitar da miliyan tara kafin azahar, amma ba shi da ikon sa hannu a mayar da maki uku. Shi ne kaɗai abin da ƙungiyar ta mallaka wanda ba daga gidan gwamnati ya fito ba, 'yan wasa ne suka samo shi da ƙafarsu. Saboda haka shi ne kaɗai hukuncin da ya ciji ƙungiyar. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa game da adalci, kuma magoya bayan Derby da na Everton sun yi irin wannan ƙorafi: wanda ya yi laifi daban, wanda ya ɗauki hukunci daban. Ɗan wasan da ya yi gumi ya samo maki a Kaduna ko Abuja, bai jefi kowa ba, bai mari kowa ba, shi ne ya wayi gari a rukuni na biyu, darajarsa ta ragu a kasuwa. Shugaban da ya jawo cire maki na biyu ya rasa kujerarsa, wannan gaskiya ne, amma kujera ce ta naɗi, ba jarinsa ne ya nutse ba. Mel Morris, duk da laifinsa, ya yi hasarar dukiyarsa mai yawa, ya kuma rasa ƙungiyar dungurungum.

Ba a nufin cewa tsarin Ingila ya fi tsarki. Can ma attajiri yana iya jefa ƙungiyar da ta shekara ɗari cikin rami saboda caca, abin da mallakar gwamnati ta kare Kano Pillars daga gare shi. Derby ta kusa shafewa daga doron ƙasa kafin wani ɗan kasuwa na yankin, David Clowes, ya saye ta a Yulin 2022. Babu wanda ya taɓa jin tsoron Pillars za ta shafe. Wannan kwanciyar hankali ita ce alherin tsarin, ita ce kuma cutarsa.

4.7 Bayan Faɗuwa

LMC ba ta daɗe ba bayan hukuncin da ta yanke. A Satumbar 2022 Ma'aikatar Wasanni ta Tarayya, a ƙarƙashin Sunday Dare, ta janye amincewarta da kamfanin, aka kafa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. Kano Pillars ta yi kaka ɗaya a rukuni na biyu. A tsakiyar 2023 ta sami gurbin hawa a gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, ta dawo tare da Heartland da Katsina United, sai Sporting Lagos a matsayin sabuwar shiga. Tsarin mallaka bai sauya ba. Sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa nata shugabannin kamar yadda ta baya ta yi, kuma a 2025 ta ba Ahmed Musa muƙamin janar manaja.

A Oktoban 2025, a filin Sani Abacha, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ci a mintunan ƙarshe, 'yan kallo suka sake shiga fili, aka kai wa alƙalan wasa da baƙi hari. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku da ƙwallaye uku, ta rufe filin, ta tura ƙungiyar Katsina, ta kuma ci ta tarar Naira miliyan 9 da rabi. A Afrilun 2022 ana canjin Dala ɗaya a kan Naira ɗari huɗu da 'yan kai a farashin gwamnati, don haka tarar wancan lokaci ta haura Dala dubu 20. A Oktoban 2025 Dala ta kusa Naira 1,500, tarar ba ta kai Dala dubu 7 ba.